Birkin Hagu

A layin wanke kekuna suka fara haɗuwa, ranar Lahadin farko ta watan Oktoba, a wajen tseren keke cikin taɓo, a wata gonar masara da aka girbe kusa da garin Oudenaarde. An kwana uku ana ruwa. Nele na tsaye da kekenta tana jiran injin feshi, sai ga wani saurayi ya biyo layi yana tafiya ƙafa a ware, taɓo tun daga gira har takalmi, ya rungumo keken da tayoyinsa suka daina juyawa.

"Sannu, Agwagwa," ta ce. "Ina ɗayan keken naka?"

Ya ce wannan ɗin shi ke nan, kuma shi ma bai tabbata nasa ba ne sai an wanke.

Ta yi dariya har burushi ya suɓuce mata. Duk mai tseren taɓo da gaske keke biyu gare shi, yana kan ɗaya ana wanke masa ɗaya, kowane zagaye ya shigo wurin canji ya saki mai datti ya cafke mai tsabta a guje. Shi kuwa Tuur ba shi da na biyu, ba shi da mai tsaya masa. Ma'aikacin gidan waya ne, Litinin zuwa Juma'a yana raba wasiƙu a kan keken aiki, ranar Lahadi ya zo ya sha taɓo ya ƙare a ƙarshe. Ta ara masa burushin. Da ya miƙe ta lura tsayinsu ɗaya, ta faɗa masa, ya ce shi ma abin ya dame shi.

Ranar Litinin, tana cikin ajin ƙananan yaran da take koyarwa, cinyoyinta na ciwo, saƙonsa ya shigo.

"Burushinki ya biyo ni gida. Yana lafiya, ya ci abinci. Na ga yadda kike tsallake katakai jiya, ba mutum ba ce ke, zomanya ce."

Ta amsa: "Ka dawo min da shi Lahadi. Ka sha ruwan zafi, ka ɗaga ƙafa sama, Agwagwa. Haka ake warkewa."

Lahadi biyar suka yi a haka. Shi yana tsere da safe, ita da rana, in an tashi su raba soyayyen dankali a bakin motar mahaifinta. Ba mai yawan magana ba ne. Ita ce ke zuba, shi yana tsince mata ciyawa daga gashi.

Mahaifinta bai so abin ba. Shekara goma sha huɗu Baba Firmin na tsaya mata a wurin canji, tun rasuwar mahaifiyarta, kuma da babban yatsa yake auna iskar taya, da shi kusan yake auna mutane. Ya ce wanda ke zuwa tsere da keke ɗaya bai ɗauki komai da muhimmanci ba. Shi Brecht yake so mata, ɗan mai shagon kekuna, wanda ba ya wuce na uku a tsere kuma ya san yadda ake gaida manya.

Baba Firmin ne ya haɗa mata birki irin na mutanen da: hannun hagu ya kama tayar baya. Ta hagu ake dira, hannun dama ya saki ya ɗauki keke zuwa kafaɗa, saboda haka hagun da ya rage dole ya zama birkin da ba ya kifar da mutum. Tun tana shekara goma sha biyu hannunta bai san wani ba. Kekunan sauran jama'a, har da na Tuur, hagu gaba yake kamawa.

Lahadi ta biyu a Nuwamba, a wani tudu mai santsi, Nele na matsayi na biyu a tseren, abin da ba ta taɓa yi ba. Sarƙar kekenta ta tsinke, ta canja keke. Zagaye ɗaya bayan nan tayar keke na biyun ta fashe. Ta shigo wurin canji da gudu, keke a kafaɗa, mahaifinta na durƙushe bai gama ɗaura sarƙa ba. Tuur na tsaye a gefe da nasa, ya wanke shi tas tun safe. Ya turo mata. Ta ga na wane ne, ta haye.

A ƙasan gangara akwai katakai biyu da aka gitta a hanya, sai an dira ake tsallake su. Ta zaro ƙafar dama za ta dira, hannun hagu ya matsa kamar kullum. Tayar gaba ta tsaya cak. Abin da ta iya tunawa shi ne turken shinge, da yadda masu kallo suka yi tsit.

Ƙashin kwatangwalonta na hagu ya karye wuri biyu.

Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mata abin da ya faru a bakin ƙofar ɗakinta na asibiti. Tuur ya zo da kayan tseren a jikinsa, Baba Firmin ya tare shi, bai ɗaga murya ba.

"Ka san sunanta, ka san lambar wayarta. Hannunta ne ba ka sani ba. Kada in ƙara ganinka kusa da ita."

Kuma Tuur ya bi maganar. Wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Ta rubuta masa a kwana na shida: "Agwagwata, ina kake? Sun sa min ƙusa uku. Yau na tsaya da ƙafata minti ɗaya, na yi amai. Ka zo ka yi min dariya."

Amsar ta zo bayan awa huɗu: "Na ji daɗi kin tsaya. Ki bi maganar likita. Ki yafe min."

Disamba ta wuce mata a kan gadon da aka sauko da shi falo. Safe da yamma tana ɗaga ƙafar sau goma, sai ta huta, sai ta sake. Sau uku a mako ana kai ta gashin ƙashi. Ranakun Lahadi ne suka fi tsawo. Jikinta kan farka da kansa da wuri, kamar za a busa usur na fara tsere, sai ta kwanta tana sauraron ruwa a taga tana lissafin irin tayar da ta dace da ranar. Kowace Asabar tana jin mahaifinta a gareji yana wanke kekunan nan biyu da ba wanda ya hau.

Brecht na zuwa da furanni da labarin fili. Ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya tsayawa. Shi ya ba ta labarin cewa ɗan gidan wayan nan ya zama abin kallo, kowane mako sai ya sha ƙasa sau uku ko huɗu, har 'yan rumfar giya sun fara yi masa tafi a kwana tun kafin ya iso. Baba Firmin ya yi tsaki. Nele ba ta ji faɗuwar ba, abin da ta ji shi ne yana can yana tsere. Bai rasa Lahadi ko ɗaya ba, ita kuma ana riƙe ta zuwa banɗaki.

A farkon Janairu likita ya ɗora hoton ƙashin a allo, ya yi magana a hankali. Za ta yi tafiya, ko da ɗan ɗingishi. Za ta hau keke a kan kwalta. Amma dira a guje, da tsalle, da faɗuwa a ƙugun nan, an gama. Ta yi masa godiya. A mota mahaifinta ya kunna abin goge gilashi alhali ba ruwan da ake yi, suka iso gida ba wanda ya kashe shi.

Da rana ta rubuta: "Likita ya ce na gama. Ka ci gaba da tserenka lafiya. Kada ka sake rubuto min."

Ta so ya yi gardama. Ya ce: "To, Zomanyata."

Ƙarshen watan Baba Firmin ya karɓi tayin taya mahaifin Brecht tsayuwa a wurin canji, don hannunsa ya gaji da zaman banza. Nele ta bi shi, gidan ya yi mata shiru da yawa. Ta dogara sanduna har bakin shinge, nan ta ga keken Tuur. Ta gane shi tun daga nesa, fentinsa ya ƙara kojewa. Ba ta yi niyyar taɓawa ba. Ɗan tsere dai ba ya wuce keke bai matsa birki ba.

Ta matsa hagu. Tayar baya ta kama.

Ta sake matsawa. Tana nan riƙe da shi Tuur ya fito daga tantin rajista da lambarsa a hannu, ya rame, haɓarsa da sabon tabo. Ya tsaya nesa kamar wanda aka shata wa layi.

Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun Litinin ɗin da ta biyo bayan faɗuwarta ya juya birkin. Matsalar ita ce keken aiki ba nasa ba ne balle ya juya, saboda haka kwana biyar hannunsa na koyon gaba, ranar Lahadi ya nemi baya, kafin ya tuna yana ƙasa.

"Don me?"

"Don kada in sake miƙa miki abin da hannunki bai sani ba."

"Ba zan sake karɓar keke a hannun kowa ba, Tuur."

"Na sani. Na ga saƙon."

"To?"

"To na kasa mayar da shi."

Ta ce masa wawa, ta maimaita. Sannan ta kira mahaifinta ta ce ya zo ya matsa birkin nan. Baba Firmin ya matsa, ya daɗe yana kallon tayar baya. Ya ce an ɗaura wayar birkin kamar igiyar shanya, ya juya ya koma wurin Brecht.

A hanyar gida ta faɗa masa abin da ba ta faɗa wa kowa ba: ta ga keken na wane ne kafin ta hau, ta san birkinsa, matsayi na biyun da take kai ne ya rufe mata ido. Ta ce Tuur za ta aura. Ya ce ba da yawunsa ba. Mako uku suna cin abinci a tebur ɗaya, magana ba ta wuce miƙo gishiri. Brecht ya gayyace ta cin abinci a waje, ta ba shi haƙuri, ya ce dama ya lura furanninsa ba sa kwana a falo.

Ranar tseren ƙarshe na kakar, Nele ta shiga gareji da sanda ɗaya ta turo kekenta har cikin mota. Mahaifinta ya gani, bai tambaya ba.

Fili ya yi caɓi kamar ranar farko. Ta tsaya a wurin canji, sanda a hammata, hannu ɗaya a sirdi. Aikin na mutum biyu ne, mai miƙawa da mai tarewa, ita kuwa ita kaɗai ce. A zagaye na biyu ta hango Tuur can baya, tayoyi sun cushe, yana shirin wucewa kamar kullum.

"Agwagwa! Shigo!"

Ya waiwayo, ya kusa cin shinge. Ya shigo, ya dira ta hagu, ya saki nasa. Keken bai kai ƙasa ba. Baba Firmin ya baro inda yake ya cafe shi da hannu ɗaya, ya saɓa a kafaɗa ya nufi injin feshi, bai kalli kowa ba. Nele ta saki sirdin, Tuur ya haye kekenta. Ta bi shi da ido har gangara, inda katakai suke, ta ga tayar baya ta ja layi a taɓo, ta ga ya dira a tsaye. A nan ta yi kukan da ba ta yi a gaban likita ba. Kekenta ne ke tafiya can, kuma ba za ta ƙara binsa ba.

Na talatin da ɗaya ya zo cikin talatin da takwas. 'Yan rumfar giya suka ce an cuce su, yau bai faɗi ba.

Da aka tashi Baba Firmin ya turo wa Tuur kekensa a wanke, da sabuwar wayar birki. Ya ce Lahadi mai zuwa ba tsere, ya zo cin abincin rana, ya taho da iyayensa, kuma ya yi aski kafin ya zo.

A watan Mayu aka ɗaura auren a zauren hukumar gari. Brecht ya zo, shi ya fi kowa surutu. Abokan tsere suka jeru a waje, sun ɗaga tayoyin keke sama. Nele ta ƙi sanda, ta fito da ɗingishinta, ta tsaya a saman matakala tana duban yawansu. Tuur ya matso ta damanta zai riƙe ta.

"Hagu," in ji Baba Firmin.

Ya jawo shi da kansa ya zagayo da shi ɓangaren ƙugun da ya karye, ya ɗauki hannun hagun 'yarsa ya sa a nasa, ya haɗa su ya riƙe kamar mai auna iskar taya.

"Wannan ne. Yanzu ka san shi. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Suka sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya.