Sai Katako Ya Bushe

Auta na ban ruwa a gandun renon itatuwa inda take aiki, sai ga wani kafinta, kansa duk garin katako, wai tsiro ya zo saye.

"Ku da kuke sare su?" ta ce tana harararsa.

"Duk wadda na sare sai na dasa biyu. Hayaƙin da bishiya ta sha kuwa yana nan kulle a katakonta muddin gida na tsaye."

Bayanin bai shige ta ba, amma murmushin ya shiga. Kafin a ce me, ya raɗa mata suna Inuwata.

Da maganar aure ta taso, matsalar ita ce Baban Auta. Magini ne, siminti ya buɗi ido ya gani, ga shi kafinta ya ce ɗakin katako zai gina mata.

"Ɗakin katako? An ce masa 'yata kaza ce?"

Ga kuma ɗan mai buga bulo yana ta zarya da mota wajen Auta. Da Inna ta sa baki, Baba ya ce to, kafinta ya gina ɗakin a gani kafin damina, in ba haka ba kar ya sake taka masa ƙofar gida.

Sai me? Bawan Allah ya jera katako a rumfa, ya sa 'yan sanduna a tsakani, ya naɗe hannu. Kwanaki na ta tafiya. Kan Auta ya ɗaure tam, ta tura masa saƙo:

"Wai ni kake so ko itace? In ka fasa ka faɗa min."

"Inuwata, ɗanye ne. In na buga yanzu zai karkace ya tsage, maganar Baba ta tabbata."

Kuka ta yi, wallahi, don ta kasa gane ko haƙuri ne wannan ko yaudara.

Sai da hadari ya fara haɗuwa ya ɗauki guduma. Da ɗaki ya kammala, Baba ya zo dubawa da rana tsaka, zafi kamar bakin murhu. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa duwatsun da aka ɗora ɗakin a kai saboda gara, ya shiga ya turo ƙofa.

Shiru. Suna tsaye a waje, Auta ta kalli kafinta ta ce:

"Ko rushewa yake yi?"

"Ai da mun ji ƙara," in ji kafinta.

Inna ta gaji ta tura ƙofar. Ga Baba miƙe a ƙasa, hula a fuska, yana munshari. Ya farka firgigit.

"Wa ya kashe fankar?"

"Babu fanka, Baba," in ji Auta.

Ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya kalli 'yarsa da ke share hawaye.

Ya juya ga kafinta. "Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya zamanku. Amma ka je ka shanya wani katakon, ni ma ina son ɗaki."