Fayil ɗin Gida Mai Koriyar Ƙofa

Duk wanda ya san Akawu ya san ba yunwa ce ta kai shi ga halaka ba. Albashinsa na ofishin filaye yana riƙe shi da matarsa da 'ya'ya uku. Ciwonsa guda ne: Auta, ƙanin da ya goya a bayansa, ya gina gidan sama da kuɗin sayar da taya. In mahaifiyarsu ta ce, "Allah ya yi wa Auta albarka," sai kishi ya turnuƙe Akawu. Wai shi mai ilimi, a haya!

Wata rana yana kakkaɓe tsofaffin fayiloli ya ci karo da na wani gida mai koriyar ƙofa, wanda ya shekara goma a rufe. Ya zauna ya bi tarihinsa takarda bayan takarda. Ɗan dako ne ya fara mallakarsa, sai wani tela, sai wani direba. Kowannensu ya shiga ba shi da ko sisi, kafin shekara biyu sai ga sunansa a kan filaye rututu. A ƙasan kowace takardar ciniki kuma shaida ɗaya ne, dangwalen babban yatsa mai tsaga a tsakiya.

Wata uku yana bin diddigi kafin ya gano mai yatsan, wani boka a bayan tsohuwar majema.

Da rana tsaka ya shiga, amma ɗakin duhu ne dulum, ba ko taga. Ƙahonni reras a bango, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. A tsakiya ga wata tukunya da busasshen jini ya yi wa ɓawo, ƙudaje na zagaye ta ba sa sauka.

"Gidan ka zo nema," in ji boka, bai ko ɗago ba. "Ka karanta tarihinsa?"

"Tas na karanta."

"To ka san abin da yake ci."

Akawu bai sani ba. Amma ya za a yi mutumin da ya shekara ashirin cikin takardu ya ce wa jahili bai gane ba? Ya gyara zama ya ce, "Na sani. Ni dai in wuce Auta."

"Wuce shi kaɗai?"

"Ya riƙa tashi tsaye in na shigo."

Boka ya yanka baƙin bunsuru, ya tsoma wani tsohon makulli cikin jinin, ya miƙa masa farar takarda. "Rubuta sunan duk wanda zai kwana ƙarƙashin rufinka."

Wallahi har da gyara rubutu, don boka ya ga hannun akawu. Ya rubuta matarsa da 'ya'yansa uku, ya ƙara da mahaifiyarsu, don ya ƙudura sai ya raba ta da gidan Auta. Boka ya dangwala yatsa, ya jefa takardar cikin tukunya.

Magadan gidan suka sakar masa shi kamar kyauta. Arziki kuwa ya zo ba sallama. Duk filin da Akawu ya taɓa sai titi ya biyo ta kansa. Ya ajiye aiki, ya jera motoci. Ranar da ya shiga taron dangi Auta ya miƙe ya ba shi kujera, daɗi kamar ya kashe shi.

Mahaifiyarsu ce ta fara rasuwa, tana zaune a tsakar gida. Babban ɗansa ya faɗo daga bene. 'Yarsa ta biyu ta kwanta da ciwon kai, ba ta tashi ba. Ranar da aka fita da gawar ɗansa na uku, matarsa, da jaririya 'yar wata biyu da suka haifa a gidan a hannunta, ta fara shimfiɗa tabarma huɗu tana kiran matattu su zo cin abinci.

Ya koma bayan majema, ya tarar da kango. Sai a lokacin ya yi abin da ya kamata ya fara yi, ya tsallaka titin ƙofar gidansa wurin wata tsohuwa mai sayar da gawayi, wadda ta tsufa tana kallon koriyar ƙofar.

"Iya, me ya sami mutanen gidan nan?"

"Yanzu ka tambaya? Kowanne da iyalinsa ya shiga, shi kaɗai ya fito. Takardarku ta ofis maigida kawai take rubutawa, ɗan nan. Wa ya taɓa sa mata da yara a ciki? In akwai wanda ba ka miƙa sunansa ba, fitar da shi yau, kuma kada ya ƙara amsa sunanka."

Ya ɗauki jaririyar ya kai wa Auta. Auta ya karɓe ta yana hawaye. "Yaya, ai 'yata ce."

Matar Akawu ta rasu kafin shekara ta zagayo. Yanzu Akawu yana nan cikin ɗakuna goma sha biyu, yana magana da bango. Kullum da safe yakan raɓe a bakin titi ya ga yarinyar za ta makaranta, riƙe da hannun Auta tana ce masa Baba. Ba ya iya matsawa kusa, kuma har gobe kishin bai sake shi ba.

Ku da arzikin ɗan'uwanku ke hana ku sukuni, ku ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba a aljihunka yake karɓa ba, a cikin 'ya'yanka yake zaɓa.