Ruwan Zafi a Garkar Hajaratu

Daminar farko bayan Turawa sun naɗe tutarsu, ruwan shuka ya sauka a Argungu ranar wata Laraba. Hajaratu, matar Dankure masunci, ta wuni duƙe a 'yar garkarta ta bayan ɗaki. Ta shuka guro da sure, ta yafa irin alayyafo, ta dasa ɗoɗɗoya a gindin danga. Kusurwa ɗaya ce ta gagare ta, inda wani tsohon ramin tururuwa yake, suna ta kwashe mata iri a kan idonta.

Hajaratu mace ce mai zafin nama, ba ta san a bari sai gobe ba. Rana ta faɗi, ladan yana gyaran murya, ta sauke tukunyar ruwa tana tafasa ta juye a ramin. Kowa a garin ya san ba a zubar da ruwan zafi da almuru babu bisimilla. Ita ma ta sani sarai, haushi ne ya mantar da ita.

Wata siririyar ƙara ta fito daga ƙasa, kamar ta jariri. 

Dutsen farko da ya faɗo cikin gidan randa ya fasa. Na biyu ya sami Dankure a goshi yana alwala, jini ya rufe masa ido. Daga ranar, da rana ta yi ja sai jifa ta tashi daga cikin garka, inda babu kowa. A kwana na huɗu 'yarsu tilo, Riskuwa, ta shiga ban ruwa ta faɗi tana birgima. Ta miƙe ta suri turmi da hannu ɗaya ta maka wa ubanta a haƙarƙari, sai da maza huɗu suka danne ta. Hannunta na dama ya soma saɓulewa alhali wuta ba ta taɓa ta ba, kullum ƙunar tana hawa, daga yatsu har kafaɗa.

Dankure ya lallaɓa Birnin Kebbi da ciwonsa, ya zo da Malam Attahiru, tsohon da aka sani da wannan aiki. Malam ya zauna a tsakar gida gab da magariba, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har bakinta ya buɗe da muryar wata tsohuwa.

"Mi kika so ga ɗiyag ga?" in ji Malam.

"Muna zamne ramin ga tun ba a gina gidan ga ba. Ɗana na kwance uwatta taz zuba mai ruwan zahi. Hannunai ya saɓule."

"Ba da sani ta yi ba. A bar muku wurin, a kewaye shi."

"Hannu nika so. Ko na ɗiya, ko na uwa."

"Ba ki samun ko guda."

Malam ya ɗaga murya. Riskuwa ta shiga buga kanta da ƙasa, jini na fita ta hanci, ƙunar ta kama wuyanta. Hajaratu na tsaye, tsoro da nadama sun cika ta. Ta gane Malam zai ci nasara, amma kafin nan 'yarta ta ƙare.

Ta juya ta nufi murhu, inda ruwan tuwo yake tafasa. Wannan karon ta yi bisimilla. Ta tura hannunta na dama har gwiwa, ta bar shi ciki. Ƙarar da ta yi har bakin gulbi an ji ta.

"Yanzu ta jiya," in ji muryar, a hankali.

Riskuwa ta yi atishawa uku, ta buɗe ido. "Inna, ƙishirwa nika ji."

Malam ya yi faɗa ƙwarai, ya ce ba haka ake yi ba. Hajaratu kuwa tana ta shafa kan 'yarta da hannun da ya rage mata.

Garkar ta yi kyau a shekarar, har maƙwabta suka ci miyar guronta. Hannun Riskuwa ya warke ko tabo babu, na uwar kuwa ya shanye. Da hagu take shuka tun daga lokacin. Idan ta iso kusurwar nan sai ta yi sallama, ta watsa wa tururuwa ɗan iri, ta wuce.