Saƙon Baba da Mota Mai Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1988, a garin Illela, akwai wata yarinya 'yar aji shida. A gida ana kiranta Auta.

Babanta, Alhaji Maccido, ya sayo wata jar mota daga Konni. Motar tana da gudu sosai. A cikinta akwai wani ɗan akwati da ake kira ƙwaƙwalwa. Shi yake gaya wa inji yawan man da zai sha.

Ranar Asabar za a yi gasar karatu a Sakkwato. Auta ce za ta wakilci makarantarsu. Baba ya yi alkawarin kai ta, ita da malamarsu, Malama Hindatu.

Tun ranar Laraba Auta take cika wa 'yan makarantar Amarawa baki, don su ma za su gasar.

"Motarmu jirgi ce!" in ji ta. "Kafin tsohuwar bas ɗinku ta tashi, mun isa."

Ranar Alhamis Baba ya kai motar garejin Dabo makaniki don a daidaita injin. Da la'asar ya kira Auta.

"Ɗiyata, je ki gaya wa Dabo ya sa mai sanyi."

Auta ta tarar da Dabo riƙe da wasu ƙananan abubuwa biyu, baƙaƙe, masu ƙafafu kamar kyankyaso.

"Kawu Dabo, mi ne wanga?"

"Karatun mota ne, Auta. Duk wanda na sa a ƙwaƙwalwa, shi za ta bi. Wanga mai sanyi ne, ya san zafinmu da manmu. Wancan kuma na tsere ne, sai da man Turai. Wanne Alhaji ya ce?"

Auta ta tuna da 'yan Amarawa.

"Na tsere ya ce."

Dabo ya sosa ƙeya. "Kin tabbata?"

"Na tabbata, Kawu."

Ranar Asabar da safe suka kama hanya. Baba yana ɗan taɓa totur, motar ta zabura.

"Ikon Allah!" in ji Malama Hindatu, ta dafe mayafinta. "Alhaji, a hankali, ina da yara a gida!"

Suka wuce bas ɗin Amarawa tana tafe tana hayaƙi. Auta ta leƙo tana ɗaga hannu tana dariya.

Rana ta yi zafi. Bayan sun wuce Gwadabawa, injin ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Sai tururi ya taso. Baba ya gangara gindin wata bishiyar bedi, ya kashe motar.

"Abin mamaki," in ji shi. "Dabo bai taɓa yi mini haka ba."

Malama ta duba agogo. "Saura awa ɗaya a fara. Wanda bai zo ba, an cire shi."

Auta ta dubi Baba. Ga gasa za ta wuce ta. Ga Kawu Dabo zai sha faɗa a banza.

"Baba," ta ce da ƙaramar murya, "ba laifin Kawu ba ne. Ni na canza saƙonka. Na ce na tsere."

"Mi kika ce?"

Ta sake faɗa, hawaye na zuba.

Baba ya durƙusa a gabanta.

"Kin yi kuskure, ɗiyata. Amma kin wanke mutumin kirki. Share hawayenki."

Sai ga wani ƙaho, fam-fam! Bas ɗin Amarawa ce ta iso a hankali. Yara suka leƙo ta tagogi.

"Auta, jirgin naku ya sauka shan iska ne?"

Kowa ya fashe da dariya, har Baba. Auta ma ta yi, tana rufe fuska.

"Ku shigo, akwai wuri!" in ji direban.

Baba ya tsaya wurin motarsa. Auta da Malama suka matsa cikin bas. Wata yarinya ta miƙa wa Auta ƙuli-ƙuli. Suka tafi ana waƙa.

Suna shiga zauren, ana kiran sunan Illela. Auta ta hau ta yi karatu da kyau. Amarawa ta zo ta ɗaya, Illela ta biyu. Babu wanda ya kai Auta tafa wa 'yan Amarawa.

Washegari ta je gareji, inda aka jawo motar. Ta durƙusa ta gaishe da Dabo.

"Kawu, ka yafe mini. Na kawo saƙon Baba. Ya ce ka sa mai sanyi."

"Kin tabbata?" in ji Dabo, yana danne dariya.

"Wannan karon na tabbata!"

Dabo ya sa mai sanyi. Injin ya tashi lafiya lau, kamar kyanwa tana barci.

Daga ranar Auta ta koyi abu biyu. In an aike ka, ka kai saƙo yadda aka ba ka. Kuma in za ka zaɓi abu, ka zaɓi wanda ya dace da wurinku, ko da wani ya fi shi gudu.