Ƙwayar Idon Baba

Sa'ida ta tura ƙofar falon da kafaɗa, wari ya doke ta har sai da ta ja baya.

"Baba?"

Yana kwance a ƙasa tsakanin katifu biyu da ya jingina da bango, gorar feshi a gefensa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Yawu na zuba ta gefen bakinsa, hawaye na gangara alhali ba kuka yake ba, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa.

"Baba... dube ni, Baba."

Ya buɗe ido da ƙyar. Baƙin tsakiyar idon ya ƙanƙance ya koma kamar tsinin allura.

Tun da safe mahaifinta, Alhaji Husaini, ya kori kowa daga gidan. Iyayen Isma'il, maƙwabcinsa a layin 'yan atamfa na kasuwar Mboppi, suna hanya daga Kano don neman auren Sa'ida, kuma a falon nan za su sauka. Kuɗin cizo ya addabi gidajen unguwarsu ta New Bell a daminar bana, shi kuwa ya rantse baƙonsa ba zai tashi yana susa ba. Isma'il ne ya kawo masa maganin a gorar ruwa marar takarda, irin wanda suke fesa wa dilolin kaya a sito, ya ce a rufe tagogi ruf don ya kama. Alhaji ya rufe, ya kuma zauna a ciki yana juya katifu.

Sa'ida ba ta taɓa cewa tana son Isma'il ba. Zaharaddeen take so, mai haɗa magani a asibiti, haifaffen Douala, jikan mahauta. Baba ya ce yaron da ba ya iya gaida babba sai ya cusa Faransanci a tsakiya ba zai shiga zuri'arsa ba, ya hana ta ko kiransa. Ta bi umarnin tun bayan ƙaramar salla.

Yau ba ta san lokacin da yatsunta suka danna lambarsa ba.

"Sa'ida? Ke ce?"

"Baba zai mutu, Zahar..."

Bai tsaya tambayar inda ta shige ba. Ya tambaye ta warin, ya tambaye ta idon, sannan muryarsa ta canza. Ya ce ta buɗe tagogi, ta jawo shi tsakar gida, a cire masa rigar, a wanke jikinsa da sabulu, ita ma ta sa leda a hannu. Ga shi nan tafe da taksi.

Kafin ya iso gidan ya cika da mata. Inna Iyatu, mahaifiyarta, ta fito daga kicin da kwalbar manja, domin kowa a unguwar ya san wanda ya sha guba manja ake ɗura masa. Wata maƙwabciya ta riga ta tallafo kan Alhaji, wata ta ruga neman madara.

Zaharaddeen ya shigo a guje, ya durƙusa gaban Inna ya riƙe bakin kwalbar da hannu biyu.

"Inna, ki yi mini rai. Ƙirjinsa cike yake da ruwa. In manjan nan ya bi ta hanyar numfashi, ba za mu kai asibiti da shi ba."

Inna ta dube shi, ta dubi mijinta, ta saki kwalbar.

A asibiti likitar, wata doguwar mace 'yar ƙabilar Bassa, ba ta ɓata lokaci ba. Aka yi ta yi masa allura ta jijiya, ana yi tana kara abin sauraro a ƙirjinsa, ta ce a ƙara. Zaharaddeen na kai da kawo tsakanin ɗakin magani da gadon, aljihunsa cike da ƙananan kwalabe. Atrofin sunan maganin. Kafin la'asar tafasar ƙirjin ta lafa, yawun ya tsaya, zuciyar da take jan ƙafa ta ɗauki gudu.

Sa'ida ta zauna a dandamalin baranda ta yi kukan da ta riƙe tun safe. Zaharaddeen ya tsaya nesa da ita kaɗan, saboda idon mutane.

"Kin rame," ya ce a hankali.

"Kai ma."

"Ni aiki ne. Ke fa, ma chérie, masoyiyata?"

Ta rufe fuska da gyale.

Washegari abu ya juya. Fuskar Baba ta yi ja, jikinsa ya yi zafi ya bushe ƙamas, idon da ya ƙanƙance jiya ya buɗe wage-wage. Yana ta kama abin da babu a iska, yana auna yadi da hannu, yana ciniki da matan da ba kowa ke ganinsu ba. Ya kira Inna da sunan mahaifiyarsa da ta rasu tun Sa'ida na goye.

Baffa Hammadu, yayan Baba, ya iso daga unguwar Kotto tare da Isma'il. Tun jiya likita take tambayar sunan maganin da aka fesa, Isma'il ya ce shi bai san da wata gora ba. Yanzu Sa'ida na jin sa a bakin ƙofa yana yi wa Baffa magana ƙasa-ƙasa. Wai rabin kasuwa na fesa maganin ƙwari ba wanda ya haukace. Wai a duba wanda ke ɗauko allurar, a kuma tuna wanda Alhaji ya kora daga ƙofar gidansa. Wai akwai malami a unguwar Village da ya san kan irin wannan.

Baffa ya shigo yana gyara babbar riga.

"Iyatu, tattara kayansa. Ƙanina ba zai haukace a hannun yara ba."

Ya miƙa hannu wajen robar ƙarin ruwan.

Sa'ida ta riga shi. Ta tsaya tsakaninsa da gadon. Tunda take ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Baffa ba.

"Baffa, ka yi haƙuri... ba za a cire ba."

"Ni kike faɗa wa?"

"Ka dake ni in ka so. Ni na gan shi jiya a ƙasa, kai ba ka gani ba."

Hayaniyar ce ta kawo Zaharaddeen. Ya cire hular aiki, ya tsuguna har ƙasa ya gaida Baffa, da Hausa tsantsa, ko kalmar Faransanci ɗaya bai saka ba. Sa'ida ta lura gumi yake yi don ƙoƙarin.

Ya ce a jikin mutum akwai saƙon da jijiya ke aika wa baki da ido da huhu cewa su zubo ruwa, ta kuma ce wa zuciya ta sassauta. Akwai kuma mai shara da ke kwashe saƙon da zarar an ji shi. Gubar ta kashe mai sharar, sai saƙo ya taru, ruwa ya yi ta ambaliya kamar kwatar New Bell in shara ta toshe ta. Allurar ba ta fitar da gubar. Kunnen da ke jin saƙon take toshewa, har jiki ya samu sabon mai shara. In ta ɗan yi yawa sai mutum ya bushe, ya yi zafi, ya yi sambatu. Likita ta riga ta rage ta da safen nan, sambatun zai wuce. Amma gubar na nan kwance a jikinsa, in aka fita da shi yau ruwan zai dawo, kuma a hanya zai same su.

Baffa ya ja gemu. Isma'il ya yi dariyar gefen baki, ya ce daɗin baki dai an iya shi a makarantar Nasara.

Jin muryarsa Baba ya juyo da manyan idanun nan. Ya yi murmushi kamar yana rumfa.

"Isma'il, ka zo? Na rufe tagogin duka, yadda ka ce. Gorar taka tana nan, ban ƙarar ba... ka ce kada in sirka da ruwa, ko?"



Baffa ya juya a hankali ya dubi Isma'il. Bai ɗaga murya ba. Ya ce masa ya hau babur yanzu ya je sito ya ɗauko jarkar da aka ɗebo maganin ya kawo wa likita, in ya kawo kuma ya wuce, ya tari iyayensa a tasha ya nema musu masauki. Sannan ya ja kujera ya zauna kusa da robar ƙarin ruwan, kamar shi aka ba gadinta.

Ranar Juma'a da hantsi Baba ya farka da hankalinsa. Ya motsa baki, harshe ya manne.

"Ruwa..."

Zaharaddeen, da ya zo duba maganin safe, ya tsoma auduga a kofi ya shafa masa a leɓe, sannan ya ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Baba ya daɗe yana kallonsa. Inna ta sunkuya ta ba shi labari a kunne, tun daga manja har zuwa Baffa. Da ta zo kan yadda Sa'ida ta tare gado, sai ya rufe ido, hawaye ya zubo. Sa'ida ta zabura ta dubi Zaharaddeen.

"Wannan na gaske ne," ya ce. "Ba guba ba ce."

Baba ya share da bayan hannu.

"Kai ne ka ƙafar mini da yawu kamar soyayyen kifi?"

"Likita ce, Baba. Ni ɗaukowa nake."

"Uhm. Tsoro nake ji, ka gane? Ita kaɗai gare ni mace. Na ce in ba ta wanda na san rumfarsa, ina ganinsa kullum." Ya maida numfashi. "Ka turo manyanka. Amma ka gaya musu falona da kuɗin cizo, kuma ba zan fesa komai ba."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Baffa ya ce shi zai karɓi manyan Zaharaddeen a gidansa na Kotto, kada a kunyata dangi.

Sa'ida ta sulale baranda. Ruwa ya ɗauke, masu babur sun fito daga ƙarƙashin rumfuna suna goge kujeru. Zaharaddeen ya biyo ta ya tsaya, wannan karon bai yi nisa sosai ba.

"Idonsa ya koma daidai?" ta tambaya.

"Ya koma. Naki ne ban gane ba."

"Me ya same shi?"

"Ya buɗe wage-wage tun da na fito, kuma na tabbata ba a yi miki allura ba."

Ta ja gyale ta rufe fuska. Daga cikin ɗaki muryar Baba ta fito, a dushe amma da ƙarfinta, yana cewa a gaya wa mai maganin nan ba a ɗaura ba tukuna, ya dawo ya ƙara masa ruwa.