Ranar Da Damião Ya Ƙi Tashi

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Lahadi aka buga wa Sufeto Jurandir Bispo waya cewa Dona Zulmira ta mutu a ɗakin girkinta, ludayi na hannunta.

Ranar waliyyai tagwaye ce, Cosme da Damião, ranar da matan garin Santa Rita do Mangue ke dafa kuɓewa su ciyar da yaran unguwa. Shekara talatin da ɗaya Dona Zulmira tana wannan girki. Da sufeton ya isa, tukunyar na kan murhu, yara sun yi cirko-cirko a ƙofar gida da faranti a hannu, babu wanda ya iya cewa su tafi.

'Yarta Cleide ta miƙa masa wayarta.

"Ka ƙirga da kanka, Sufeto. Sau goma sha ɗaya na kira lambar gaggawa. Tana ta ringin, ba wanda ya ɗauka. Ga motar asibiti can bayan kasuwa, layi biyar tsakaninmu. Layi biyar!"

Likita ya ce zuciya ce. Ya ce da an iso cikin minti sha biyar, da wataƙila tana nan da ranta.

Kafin la'asar mutane sun taru a ƙofar ofishin kiran gaggawa da duwatsu. 'Yan sanda suka fitar da Marinalva, wadda ke kan waya a ranar, ta ƙofar baya. Da farko don a tsare ranta aka kai ta caji ofis. Amma kafin ta zauna, daraktan ofishin ya riga ya rubuta cewa ta bar teburinta, aka buɗe mata fayil na sakacin da ya jawo mutuwa. A garinmu in abu ya lalace, mai ƙaramin albashi ake fara nema.

Jurandir ya same ta a kan benci, idanunta sun kumbura.

"Kin tashi daga tebur?"

"Ban tashi ba, Yallaɓai."

"Mai gadi ya gan ki a waje da faranti."

Ta sunkuyar da kai. "To, na fita. Minti uku, kuɓewa aka aiko min. Amma kafin ɗaya ne. Ɗaya da minti goma allon kwamfutar ya yi fari fat, wayoyin suka yi shiru. Ina zaune ina kallonsu kamar wawiya har kusan biyu."

"Wa kika kira?"

"Darakta, da wayata. Sau huɗu, bai ɗauka ba."

"Mai gyaran na'urorin fa?"

"Seu Edvaldo? Ba ni da lambarsa. Sai ganinsa na yi ya fito daga ɗakin sanyi inda na'urorin suke, rigarsa sharkaf da gumi, ya ce an gyara."

"Akwai wani abu da kika gani da safe wanda ba ki saba gani ba?"

Ta yi tunani. "Littattafan rubutu sababbi guda biyu a kan teburina, da biro uku. Mu kuwa rabonmu da rubuta kira a takarda, shekara shida ke nan."

Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashinsa.

Da safiyar Litinin ya je wurin darakta. Seu Osvaldino mutum ne mai turare da yawa da magana mai daɗi. Shi da kansa ya buɗe ɗakin sanyi, ya nuna manyan kwamfutoci biyu da duk kiran garin ke bi ta cikinsu. Ma'aikata sun liƙa musu suna a jiki: ɗaya Cosme, ɗaya Damião.

"Ka gani, Sufeto? Cosme ke aiki, Damião na zaune yana jira. In Cosme ya faɗi, cikin daƙiƙa goma Damião ya karɓa. Ba yadda za a yi waya ta ƙi shigowa. Yarinyar nan ƙarya take yi."

"Kun taɓa gwadawa?"

"Gwada me? Abin da ke aiki?"

"Ba wanda ya taɓa kawo maka ƙorafi a kansu?"

"Ko sau ɗaya."

A kan kanta akwai littafin kamfanin da ya yi manhajar, mai kauri kamar bulo, cikin harshen da Jurandir bai iya ba. Shafi ɗaya ne a lanƙwashe. A gefensa wani ya fassara layi biyu da jan biro: "Dole na'urorin biyu su ɗauki samfurin manhaja iri ɗaya. In sun bambanta, ta biyu ba za ta karɓi aiki ba."

Jurandir ya san rubutun. Kowace Asabar da wannan hannun ake rubuta makin wasan domino a shagon bakin kogi. Hannun Edvaldo Paixão ne, mai gyaran na'urorin, amininsa, wanda ya riƙe wa Jurandir 'yarsa a coci ranar baftisma.

Ya same shi a gida, zaune a gaban kofin kofi da ya huce.

"Ka zo kama ni ne, ko ka zo rama kashin da na ba ka a domino ranar Asabar?" in ji Edvaldo. Ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

"Fassara na zo nema. Mene ne wannan na jan biro?"

Edvaldo ya tashi ya ɗauko wata jaka, ya zazzage wasiƙu a kan tebur. Tara ne, kowace da hatimin ofishin darakta na cewa an karɓa.

"A watan Fabrairu aka canza Cosme, aka kawo sabo. Sabon ba ya ɗaukar tsohuwar manhaja, Damião kuma ya tsufa, ba ya ɗaukar sabuwa. Tun ranar ba tagwaye ba ne, abokina, maƙwabta ne kawai. Kamfanin bai ɓoye ba, ga shi a rubuce. Wata bakwai ina faɗa wa mutumin nan. Ka san abin da ya ce? Wai ni mai fatan tsiya ne."

"To me ya kashe Cosme jiya?"

"Ina na sani? Wuta, wataƙila."

"Kana ina?"

"Gidan surukata, ƙetaren kogi. Da aka kira ni na taho."

"Wa ya kira ka?"

"Marinalva."

Jurandir ya tattara wasiƙun a hankali, bai ɗago kai ba. Ya yi murna da ya kama darakta da ƙarya, amma murnar ba ta kai shi ƙofa ba.

Shago ɗaya ne ke sayar da kayan rubutu a garin. Mai shagon ba ta ma tsaya tunani ba.

"Littafi biyu, biro uku? Seu Edvaldo ne, ranar Asabar da yamma. Har na tsokane shi na ce, mai kwamfuta ya koma firamare?"

Sufeto ya fita ya zauna a mota ya daɗe bai tayar ba. Yana iya cewa wuta ce. Kowa zai yarda, wutar garinmu ba ta da mai kare ta. Amma in wuta ce, darakta zai ce Damião ya karɓa, kuma da safiyar Talata za a kai Marinalva kotu. Ya kira Edvaldo ya ce su haɗu a ɗakin sanyi.

Suka tsaya tsakanin na'urorin biyu, fanka na gurnani.

"Marinalva ba ta da lambarka," in ji Jurandir.

Edvaldo ya kau da kai. Jurandir ya ci gaba.

"Wanda ya ajiye mata littafi tun safe ya san allo zai mutu da rana. Gobe za a kai ta gaban alƙali, Edvaldo. 'Ya'yanta biyu suna gidan maƙwabta."

"Sun ce sallamarta kawai za su yi."

"Wa ya ce? Shekara uku za a nema mata."

Edvaldo ya jingina da bango, ya sulale har ƙasa.

"Minti biyar na shirya," ya ce. "Biyar kacal. Na duba rajistar shekara uku, babu lokacin da kira ke ƙaranci kamar ƙarfe ɗaya na ranar tagwaye, kowa na kan abinci. Na ce gani ya kori ji. In kashe Cosme, Damião ya ƙi tashi, in kunna, in ɗauki takardar shaida in kai majalisar gari. Na shigo ta ƙofar baya. Na ɗauka wayoyin za su ci gaba da ringin, ta rubuta da hannu."

"Sai me ya faru?"

"Wayoyin ma suka ɗauke. Na ce ba komai, na kunna Cosme. Da ya farka ya ga Damião ya yunƙura rabi, sai kowanne ya ce shi ne mai gida. Manhajar in ta ga haka, kulle su take yi duka biyu don kada su ɓata bayanai. Yana nan a littafin, shafi na gaba, da ƙananan haruffa. Wata bakwai ina kallon shafi ɗaya, ban juya ba."

Ya share fuska da tafin hannu.

"Minti arba'in da bakwai. Ina jin kukan Marinalva ta bango. Da komai ya dawo, na ga lamba ɗaya sau goma sha ɗaya. Na san gidan. Ina yaro na ci kuɓewar matar nan da hannu, a ƙasa, a ƙofar ɗakinta."

"Me ya hana ka zuwa wurina jiya?"

"Tsoro. Ba wani abu ba, tsoro."

Jurandir ya ji kamar ya zage shi, ya ji kamar ya rungume shi, bai yi ko ɗaya ba. Ya buga waya caji ofis ya ce a saki Marinalva, a kai ta gida a mota. Sa'an nan ya ciro ankwa.

"Wasiƙun nan tara za su shiga fayil," ya ce. "Zan tabbatar alƙali ya karanta."

"Za a kama darakta?"

Sufeto ya buɗe ankwar. Su biyun sun san babu dokar da ta tilasta wa darakta karanta wasiƙa.

Edvaldo ya miƙa hannuwansa da kansa. Ma'aikata suka tsaya a baranda suna kallo. A bakin mota ya ja tunga.

"Abokina, ka faɗa musu kada kowa ya taɓa Cosme. Ko ƙura kada a goge masa. Ba a gyara komai ba, yadda yake jiya haka yake yau."

"In ya faɗi fa? Wa za a kira?"

Edvaldo ya dube shi, hawaye na bin gemunsa.

"A garin nan? Ni kaɗai ne. Sai ka bar musu lambar caji ofis."