Takardar da Ta Zo a Makare

A ƙofar ɗakin gasa suka fara haɗuwa. Ita ce ke karɓar wayoyin 'yan wasa kafin su shiga. Ya miƙa mata tasa, ya tsaya yana lalube aljihu.

"Malam, akwai wata ne?"

"Biro nake nema. Kullum sai na manta."

Ta ba shi nata. Sai daga baya ta ji cewa shi ne wanda ake kira Gwani. Yana ɗan shekara sha tara ya sami lambar babban gwanin ches, wasan nan mai kama da dara, ya ci kofin ƙasa sau huɗu a jere. Da yamma ya dawo mata da biron, ya roƙi lambarta cikin in'ina.

Sarauniya yake kiranta. "A kan allo ita ce mai ƙarfi," in ji shi. "Sarki taki ɗaya kawai yake iyawa."

Babanta, tsohon malamin lissafi, bai yi murna ba. "Wasa ne sana'arsa?" ya tambaya. Amma ya ce a bari a gani.

Abin da aka gani bai yi daɗi ba. A babbar gasar shekara Gwani ya ci wasa bakwai a jere, sai wanda Gwani ya doke a na bakwai ya kai ƙara cewa ana turo masa amsa ta ɓoyayyar waya. Kwamiti ya kira ta.

"Waya nawa ya ba ki?"

"Ɗaya."

"Kin caje shi?"

Ta dubi Gwani. "A'a."

Da aka gano suna soyayya, sai magana ta ƙara lalacewa. Aka dakatar da shi, ita kuma aka sallame ta.

"Ba zan ba da 'yata ga wanda ake kira mai maguɗi ba," in ji babanta.

Gwani ya daina ɗaga waya. Ta tura masa saƙo: "Gwanina, gaskiya na faɗa don na san gaskiya ce da kai. Ka yi mini magana ko da faɗa ne."

Sai bayan kwana tara amsa ta zo: "Ba fushi nake ba, Sarauniya. Na ɓata miki aiki, ba zan ɓata miki rayuwa ba. Ki manta da ni."

Ba ta manta ba. Wani injiniya ya zo nemanta, mai hankali, babanta na son sa. Ta ba shi haƙuri, ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Wata sha tara kafin takardar hukuncin kwamiti ta fito. Layi biyu ne: ba a same shi da laifi ba. Ko ban haƙuri babu a ciki.

Ya koma gasa, ya faɗi wasa biyar cikin shida. Ta same shi zaune a matakalar bayan ginin.

"Gwanintar ta tafi," ya ce. "Da ina hango taki goma a gaba. Yanzu da na zauna, idanun mutane kawai nake gani."

"To, ta tafi. Ni ina nan."

"Me zan ba ki? Ba ni da komai sai wasan nan."

"Tashi mu je wurin Baba."

Babanta ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau, ya dubi Gwani.

"Ɗana, ina cikin waɗanda suka zalunce ka. Ka yafe mini."

Gwani ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwarsa.

Mutum goma sha biyu ne suka halarci ɗaurin auren, babu ɗan jarida ko ɗaya. Bai sake cin kofi ba, kuma har yau wani lokacin yakan zauna gaban allo ya kasa taɓa komai. Takan zo ta zauna kusa da shi har abin ya wuce.

Ranar da za ta tare, babanta ya riƙe hannun Gwani a bakin ƙofa. "Ga ta nan, na ba ka da zuciya ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa kun gama shan wuya."

Tare suka amsa, "Amin."